Fiton Baban Sakata

Aikina fito ne. Mutane kan yi dariya idan na faɗi haka, amma gaskiya ce. A wani babban sito nake aiki, inda manyan motoci ke zuwa sauke kaya da ɗauka. Direban tirela ba ya ganin abin da ke bayansa idan zai yi ribas zuwa dakalin lodi, ƙarar inji kuma ba ta barinsa ya ji magana. To ni ne nake tsayawa a gefe in sa yatsu biyu a baki. Idan na ja fito dogo na sauke shi ƙasa, direba ya san ja baya nake nufi. Idan na tsinke shi gajere, ya taka birki. Direbobi ba su san ni da wani suna ba sai Mai Fito.

Lokacin da ɗana Dogo yake ƙarami, a bayan siton muke zaune, yara kuma a bakin titin da motocin ke bi suke buga ƙwallo. Ni mutum ne mai yawan fargaba. Matata kan ce ko hadari ne ya taso a wata unguwa sai na damu da shanyar mutanen da ban sani ba. Duk sanda ƙwallo ta gangara titi Dogo ya bi ta, sai in ja masa wannan fiton na ja baya, shi kuma ya ja. Ban taɓa zaunar da shi na koya masa ba. Akwai ranar da wata tanka ta wuce har iskarta ta ɗaga masa riga, fiton ne ya janye shi. Ƙafarsa ta riga kansa sanin fiton nan.

Ya girma yana buga baya, don yana da tsayi kuma ba shi da saurin fushi. Daga ƙungiyar unguwa aka ɗauke shi zuwa wata ƙarama, daga nan zuwa babba, inda ƙwallo ta zama sana'arsa. Magoya baya suka sa masa Sakata, wai idan yana nan ƙofa a rufe take. Ni dai abin da nake gani shi ne ɗinki a gira, haƙori ɗaya da ya tafi a wani bugun kusurwa, da ƙwauri da ba ya rabuwa da tabo. Mai shayin bakin sito kuwa kullum tambayarsa ɗaya.

"Mai Fito, ƙwallo nawa ɗanka ya ci bana?"

"Shi hana ci yake yi."

"To ai ni ma ban ci ko ɗaya ba, a ɗauke ni mana."

Bara gwiwarsa ta samu matsala, aka yi masa aiki. Ya daɗe a falonmu ƙafa a kan matashi, sanduna jingine da bango, yana kallon abokansa a talabijin. Da ya warke ya koma, sai ya tarar an sauya koci, an kuma kawo wani sabon ɗan baya wanda ya fi shi ƙuruciya da gudu. Kocin ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa a ƙarshen kaka mutum ɗaya zai riƙe a wannan gurbin.

Sabon kocin da nasa salon ya zo. Dogo ya nuna mini a kan tebur da kofuna huɗu da cokali.

"Baba, da a bakin gida muke jira. Yanzu mu huɗu za mu jera a layi ɗaya can wajen tsakiyar fili. Wannan cokalin ɗan gabansu ne. In na ga za a jefa masa ƙwallo, sai in daka tsawa mu matsa gaba tare, mu bar shi a bayanmu. Ya yi satar gida ke nan, mai tuta ya ɗaga."

"In ɗayanku bai matsa ba fa?"

"An ci mu."

Na dubi teburin. Daga kofunan zuwa bakin tebur babu komai sai ɗigon shayi.

"Duk wannan filin a bayanku, ba kowa?"

"Akwai gola."

"Gola ai mutum ɗaya ne."

Ya yi dariya ya shanye ɗaya daga cikin 'yan bayan nasa.

Ranar da aka fara sa shi bayan jinya, mun je da mamansa. Kujerun iyalan 'yan wasa a ƙasa suke, dab da fili, har kana jin numfashinsu. An yi ruwa da safe, saboda haka 'yan kallo ba su cika ba. Abokan karawar suna da wani ɗan gaba siriri mai gudu kamar an kora shi. Tun da aka fara idona na kan gwiwar Dogo da kuma wancan fili da ke bayansa.

Bayan an dawo hutu, na ga wani ya ɗaga kai zai jefa ƙwallo, siririn nan ya zabura. Abin da na gani a lokacin ba wasa ba ne. Abu ne mai gudu ya nufo ɗana, shi kuma yana tsaye. Ban san sanda yatsuna suka shiga baki ba.

Dogo ya daka tsawa, ukun suka matsa gaba. Shi kuma ƙafarsa ta ja baya. Taku guda ne, bai fi ba. Tuta ba ta tashi ba, siririn ya wuce, ya yanke gola, ya jefa a raga.

Dogo bai waiwayo wajenmu ba. Ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon ƙafarsa ta dama kamar ta wani ce aka ara masa. Mamansa ta juyo ta dube ni, ta dubi yatsuna da ke jiƙe da yawu.

"Baban Dogo," ta ce.

Da wannan ƙwallon aka ci su. Wasa na gaba yana benci, na bayansa ma haka. Na kira shi a waya, ya ce lafiya lau, suna atisaye. Abinci ya daina shiga mini. A wajen aiki har wani direba ya leƙo ta taga ya ce, "Mai Fito, yau fitonka kamar na mai mura."

Wata safiya ina tsakar aiki sai ga Dogo ya shigo siton da hular sanyi, ya tsaya a gefe har na gama shigar da wata mota. Muka zauna a bencin mai shayi. Na rasa ta inda zan fara, sai na fara da tsakiya.

"Zan je wajen kocin in gaya masa ni ne."

"Kada ka je, Baba."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce gwiwata ta warke amma tsoro bai fita ba. Wai ban yarda da guduna ba, shi ya sa nake satar taku."

"To ai ƙarya ake maka! Bari in je..."

"Ka je ka ce me?" Ya rage murya don mai shayi ya fara goge kofin da ya riga ya goge. "Ka ce akwai fiton da in aka yi, ɗan bayansa sai ya ja baya? Kafin sati maganar ta fita. Duk filin da muka je, mutum dubu za su koyi fiton nan. Gara a ce ina tsoro. Tsoro ana warkewa."

Ban taɓa tunanin haka ba.

"To na daina zuwa kallo. In ba ni, ba fito."

"Yau kai ne, gobe wani ne zai yi irinsa ba da niyya ba. Kuma in ba ka nan, rabin hankalina zai tafi neman inda kake." Ya juya kofin a hannunsa. "Kai ka sa shi a ƙafar nan, Baba. Kai za ka cire shi."

"Ta yaya?"

"Ka yi ta yi mini fiton, ni kuma in yi ta matsawa gaba, har ƙafar ta daina jin maganarka."

Ya faɗe ta da murmushi, amma ta zauna mini a ƙirji. Tun yana rarrafe nake fama ya ji maganata, yanzu kuma ni zan koya masa ƙin ji.

Mun fara a ranar, lokacin hutun cin abinci, a filin siton. Wannan kuskure ne. Dogo ya tsaya a kan wani farin layi na ajiye motoci, na ja fito. Shi ya ɗan yi tangaɗi ya matsa gaba. Amma akwai wani direba da ake kira Birki, yana cikin motarsa inji a kunne yana cin burodi. Da jin fito bai ko duba madubi ba, ya sa ribas. Kafin in tsinke masa na tsayawa, ya taka bencin mai shayi ya raba shi biyu.

"Kai ka ce in zo!" in ji Birki, burodi a baki.

"Ba da kai nake ba!"

"To da wa kake? Akwai wata tirelar a nan?"

Mai shayi ya ɗaga rabin bencin yana nuna Dogo da shi. "Ga ta nan tsaye da hula. Sakata, ka ga ƙwallon farko da gidanku ya ci bana, bencina!"

Dogo ya yi dariya har ya durƙusa. Rabona da jin dariyarsa irin wannan tun kafin aikin gwiwa. Washegari ya aiko wa mai shayi da sabon benci, mu kuma muka koma wani fili da ke bayan wata tsohuwar masana'anta, inda babu mota sai awaki.

Mamansa ta ce ba za a yi babu ita ba. Ta kwance igiyar shanya ta shimfiɗa a ƙasa ta zama layi, ta ɗauko tawul ɗin kicin ta zama mai tuta. In ya ja baya ko da ɗan yatsa ne, sai ta ɗaga tawul.

"Ya motsa! Na gani!"

"Mama, ban motsa ba."

"Ni na haife ka, dugaduginka ya ɗaga. Sake!"

Da yamma bayan ya taso atisaye muke zuwa. Da farko abin tausayi ne. Ƙaton mutum, kyaftin ɗin 'yan baya, da na ja fito sai ka ga kafaɗarsa ta yi gaba ƙafarsa ta yi baya, kamar mutum biyu na rigima a cikin wando ɗaya. A hankali ya fara cin nasara. Sai mamansa ta lura da wani abu.

"Ai yana jiran fiton ne. Wanda ya san za a tsorata shi ba ya tsorata. Ku yi masa ba shiri."

Daga nan gidanmu ya zama abin da ya zama. Ya shigo da sallama, in ja fito daga bayan ƙofa. Yana wanke hannu, fito. Ya ɗauko tire zai kai wa mamansa, fito, ya yi gaba da sauri har miya ta zube. Maƙwabcinmu ya aiko a tambaya ko tsuntsu muka saya. Wuri ɗaya ne na ƙi. Ya ce in gwada shi a bakin titi, na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan yi ba.

Ranar da tawul ya wuni bai tashi ba, mamansa ta yi guɗa ta naɗe igiyarta. Ni ma na yi murna. Na ja fito, ɗana ya yi gaba ko gezau. Na ce masa an gama ke nan.

Ya girgiza kai. "Da saura, Baba. Wannan ba shi ba ne."

"Kamar yaya ba shi ba? Baki ɗaya, yatsu ɗaya."

"Na gasken yana da tsoro a ciki. Yana rawa daga ƙarshe. Wannan na wasa ne, ƙafata ta gane."

Na gwada in tsorata kaina. Na rufe ido na tuno tankar nan da rigarsa da ta ɗaga. Ya ce ya kusa, amma ba shi ba ne. Ba yadda za a yi mutum ya ƙirƙiro fargaba a fili mai awaki.

Kaka ta kusa ƙarewa sai sabon ɗan bayan ya tara katin gargaɗi, aka dakatar da shi wasa ɗaya. Koci ba shi da zaɓi, ya ce Dogo zai fara. Ya kuma gaya masa cewa daga wannan wasan zai yanke shawara. Kuma da wa za a kara? Da ƙungiyar siririn nan, zagaye na biyu.

Na ce zan zauna a gida. Dogo ya zo da kansa ya ajiye tikiti biyu a kan talabijin.

"Ka zo, ka zauna inda ka saba. In ya zo maka, kada ka danne."

"So kake in sake kashe ka?"

"So nake in sani, Baba. Ba zan yi shekaru ina wasa ina kasa kunne ba."

Na amsa masa da to, amma a raina na ƙudura ko mutuwa zan yi ba zan yi fito ba. Da muka zauna na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na danne. Mamansa ta ba ni cingam har biyu.

Rana ce mai zafi, fili ya cika. Dogo ya yi wasa kamar bai taɓa jinya ba. Ya sa kai ya fitar da ƙwallaye, ya tare wata da ƙirji, yana ta nuni da hannu yana jera mutanensa. Sau da yawa ya daka tsawa suka matsa, tuta ta tashi. Kowane karo sai in ji kamar an cire mini ƙaya. Ƙungiyarsu ta ci ɗaya kafin hutu. Hannuwana suka mutu a ƙarƙashina, ban fitar da su ba.

Wasa ya kusa tashi, kowa ya gaji, layin nasu ya fara karkacewa. Sai abokan karawa suka ƙwace ƙwallo a tsakiya. Wanda ya ƙwace ya ɗaga kai. Siririn yana dab da kafaɗar Dogo, ya sunkuya zai zabura, bayansu kuma wancan fili fetal har bakin raga. Na ga Dogo ya ɗan dafa gwiwar da aka yi wa aiki.

Wallahi ban san yadda hannun ya fito ba. Cingam ya faɗi a cinyata. Fiton ya tafi dogo, ya ratsa duk ihun filin, ya sauka yana rawa. Ni kaina na ji bambancin.

Idona na kan dugaduginsa na dama. Ya ɗaga. Na gan shi ya ɗaga zai koma. Sai Dogo ya daka wata tsawa da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya jefa ƙafar gaba kamar zai taka wuta, ukun suka bi shi. Ƙwallo ta wuce ta samansu. Siririn ya bi ta shi kaɗai, ya yanke gola, ya jefa a raga, ya ruga yana buɗe hannuwa.

Na rufe fuska. Sai na ji mamansa tana dukan kafaɗata.

"Ɗago, Baban Dogo! Ɗago ka ga tawul!"

Mai tuta yana tsaye a bakin layi, hannunsa a sama.

Ban ga sauran wasan da kyau ba, idona ya cika. Da aka busa tashi, na hango kocin ya nufi Dogo ya kama wuyansa ta baya yana yi masa magana a kunne, ya daɗe bai sake shi ba. Daga nan Dogo ya tako zuwa shingen da ke gabanmu, gumi na zuba, ciyawa a goshi.

"Na ce ba zan yi ba," na ce masa. "Ya ƙwace mini."

"Na ji shi. Wannan shi ne na gasken."

"Me kocin ya ce?"

"Ya ce tsoron ya fita. Wai in zo ofis ranar Litinin mu yi maganar baɗi." Ya goge fuska da riga. "Ya tambaye ni wane likita na gani."

"Ka ce masa likitar tana da tawul," in ji mamansa.

Litinin ɗin da rana ya biyo ta siton ya gaya mini an riƙe shi. Mai shayi ya ba shi kofi kyauta a kan sabon benci, ya kuma tambaye shi ƙwallo nawa ya ci. Birki ya shigo da tirela, ya leƙo yana jirana. Na tashi, na sa yatsu a baki, sai na hango Dogo ya miƙe da kofinsa yana tsaye a gefen dakali, daidai inda bayan motar zai bi. Na cire yatsun.

"Kai, fita daga filin nan."

"Me na yi kuma, Baba?"

"Yanzu in na yi fito gaba za ka yi. Ƙarƙashin mota za ka shiga. Koma bayan shinge. Can baya. Ƙara."

"Baba, ai na san mota."

"Ƙafarka fa, ta sani?"

Birki ya danna ham. "Mai Fito, yau za mu shiga ko sai baɗi?"

Sai da na ga Dogo ya fita ta ƙaramar ƙofa, ya tsaya a waje yana riƙe da ƙarfen shinge yana mini dariya, sannan na mayar da yatsuna baki na ja wa Birki fitonsa.